Gidan Ingila da Gonar Ɗanzomo

Na san abin da ake faɗa a kaina a garin nan, na kuma san kun ji, kunya ce kawai ta hana ku tambaya ta. Ana cewa Rakiya ta bar ubanta da bashi a kabari saboda gona. Wata mata ta faɗe shi a gidan suna a unguwarmu, ina zaune a bayanta ina cin shinkafa, ko dai ba ta gan ni ba, ko kuwa ta ɗauka tsufa ya toshe mini kunne. Ban tanka mata ba, domin ita ma ji ta yi. Amma ku da na haifa, da 'ya'yanku da za su tashi su tarar da wannan magana tana yawo, ba zan bar ku da labarin bakin mutane ba. Shekara talatin da biyu na yi ina koyar da lissafi a firamare a nan Gumel, ban taɓa karɓar amsa daga hannun yaro ba sai ya nuna mini hanyar da ya bi. To ga tawa hanyar, ku duba da kanku.

Kakanku Alhaji Mamman dillanci ya fara a kara, wato kasuwar shanu ta Maigatari, da sanda ɗaya da bakinsa. Daga baya ya shiga sayen shanu daga Nijar yana lodawa zuwa kudu, Allah ya buɗa masa, ya yi tireloli da garke da gonaki. Mu uku muka rage masa: Yaya Isyaku, sai ni, sai autanmu Habu. Innarmu ta riga shi rasuwa da jimawa.

Ciwon ido ne ya kai Baba Ingila, Yaya Isyaku ya raka shi. Aikin ya yi kyau, amma ya dawo yana masifa a kan kuɗin masauki, wai abin da ya biya na kwana ɗaya ya isa a sayi maraƙi. Da likita ya ce sai ya riƙa komawa ana dubawa, sai Yaya ya ba shi shawara ya sayi wurin kansa. Gida ake ce masa, amma ɗaki biyu ne da falo a saman bene, ba tsakar gida, ba wurin da za ka ɗaure ko akuya. Wani lauya a Kano da Yaya ya samo shi ya tsara yadda za a yi. Ya ce idan Baba ya saya da sunansa, ranar da ya mutu gwamnatin can za ta yanki babban kaso a matsayin harajin gado. Saboda haka sai a buɗe kamfani a wani tsibiri, kamfanin ya sayi gidan, Baba kuma ya mallaki kamfanin. Mutum ne ke mutuwa, in ji lauyan, kamfani ba ya mutuwa, don haka babu gawar da za a caji haraji. Na tuna Baba yana ba ni labarin a kan buzunsa yana dariya har da tari.

"Wai ni ne da kamfani a tsakiyar teku, Rakiya. Ba shago, ba ma'aikaci, ko tabarma babu. Takarda ce kawai a cikin jaka."

"To Baba, me ya kai ka?"

"Yayanki ya ce haka manya suke yi."

Sau huɗu kacal Baba ya kwana a gidan nan, kullum ya dawo sai ya ce sanyi ya shiga masa ƙashi. 'Ya'yan Yaya ne suka more shi lokacin karatunsu. Shi kuwa Yaya, tun daga nan ba a hirar minti goma da shi bai sako "gidanmu na Ingila" ba, ko da maganar farashin wake ake yi.

Da Baba ya rasu, aka yi yadda aka saba. Kafin a yi masa salla liman ya ɗaga murya ya ce duk mai bin Alhaji bashi ya zo ya faɗa. Mutum biyu suka zo cikin kwanakin zaman makoki, ɗaya wani makiyayi ne daga Damagaram da ke bin cikon kuɗin saniya, aka sallame su a take. Aka jira har bayan arba'in, ba wanda ya sake zuwa. A wurinmu magana ta ƙare ke nan, Baba ya kwanta ba nauyin kowa a kansa. Babu wanda ya kawo a ransa cewa akwai mai bin bashin da ba ya zuwa jana'iza, ba ya kuma jin shelar liman.

Malam Ya'u ne ya yi mana rabo, limamin unguwarmu, abokin Baba tun suna samari. Shi ba ya raba abin da ido bai gani ba. Gona sai ya taka iyakarta da ƙafarsa, shi da dattawa uku, su yi mata kuɗi suna tsaye a cikinta. Shanu sai an ƙirga su ɗaya bayan ɗaya a gabansa. Tirelolin ma sai da ya sa bakanike ya tayar da kowace ya saurari injinta. Mako uku ana wannan zagaye, daga Maigatari zuwa Gagarawa zuwa Ɗanzomo. Abu ɗaya ne ƙafarsa ba ta iya takawa ba, shi ne gidan Ingila. Ranar da muka zauna a zauren Baba da hantsi, ya nemi takardar gidan, Yaya ya miƙa masa jaka. Malam ba ya karanta boko, sai ya turo mini ita. Na duba shafi bayan shafi, ban ga inda aka ce Baba yana da gida ba.

Na ce, "Allah gafarta Malam, wannan ba takardar gida ba ce. Ta kamfani ce, an ce Baba ke da dukkan hannun jarinsa."

Yaya ya ce, "Kamfanin riga ce aka sa wa gidan don kada masu haraji su gan shi. Gida ne, Malam, rubuta gida."

Na ce, "To a tambayi lauyan tukuna mana, ko akwai wani abu a kansa, kafin a raba."

Ya juyo ya dube ni sama da ƙasa. "Rakiya, wannan ba lissafin 'yan aji uku ba ne. Ni na je, ni na tsaya aka sa hannu, ni na sallami lauya. Ko sisi babu a kansa."

Habu ya yi dariya, dattawan suka yi murmushi, ni kuma na ja bakina na yi shiru. Wannan shirun shi ne laifina a cikin lamarin nan kaf, kuma na amsa shi. Malam ya ce shi dai bai saba raba abin da bai taka ba, amma tunda babban ɗa ya shaida, shi ke nan. Aka ɗauki kuɗin da Baba ya sayi gidan shekaru da yawa baya, aka buga wa 'yan canjin Maigatari waya suka faɗi yadda fam take a makon, aka juya shi zuwa naira. Dukiyar kashi biyar ce, maza bibbiyu, ni ɗaya. Gidan ya zo daidai da kashi biyu, kamar an auna. Babba ke fara zaɓa, Yaya kuwa ko numfashi bai ja ba ya ce ya ɗauki gidan Ingila. Habu ya kwashi tireloli da shanu da gonar Gagarawa. Ni aka bar mini wannan ɗan gidan da muke ciki da gonar Ɗanzomo, wadda kowa ya san ta gaji, rairayi ne zalla, rabon da a zuba mata taki an manta.

Har Malam ya ɗaga hannu zai yi addu'a, Yaya ya tsayar da shi.

"Malam, a ƙara layi ɗaya. Daga yau kowa da nasa. Abin mutum ya tashi ko ya faɗi, riba ko asara, kada wani ya dawo ya ce a sake zama."

Na gane nufinsa sarai. Fam tana hawa kullum, yana tsoron kada wata rana mu farga mu ce an cuce mu. Malam ya rubuta da ajami, ni na rubuta da boko da hannuna, kowa ya ce ya yarda sau uku, muka sa hannu.

Ku kun san halin da nake ciki a lokacin. Babanku ya rasu, fanshona ba ya kai mu tsakiyar wata, ga marayun yayanku marigayi Sani su huɗu a gabana. Gonar nan na riƙe hannu biyu. Na sayar da 'yan kunnena na aure na sayi taki, na roƙi Fulani suka zauna mini a cikinta da rani shanunsu suka yi kwana. Ina da shekara sittin da ɗoriya ina hawa motar Ɗanzomo da sassafe, in tsaya a kan 'yan ƙwadago har rana ta take, ƙafafuna su kumbura. Shekarar farko da ƙyar ta mayar da iri. Ta biyu na raba ta, gero da wake a gefe, riɗi da zoɓo a gefe, Allah ya ba da damina. A wannan kakar ne na fara kwana ban yi tunanin abin da za a ɗora gobe ba. Na biya kuɗin makarantar yaran nan gaba ɗaya, ban je ƙofar kowa ba.

Ana cikin sussukar geron nan sai ga motar Yaya a ƙofar gidana, shi da rabonsa da tako nan tun ranar rabo. Ya shigo da sallama mai taushi, har da tsarabar lemo. Wai "'yar'uwata". Tun da aka haife ni ban taɓa jin wannan kalma a bakinsa ba. Ya zauna ya warware mini. Ashe ya je mayar da kamfanin sunansa, lauyoyin can suka ce masa ai doka ta canza tun Baba yana da rai. Gwamnatin ƙasar ta gano dabarar, ta ce duk gidan zama da ke ƙasarta, ko an ɓoye shi a bayan kamfanin tsibiri, idan mai shi ya mutu sai an biya harajin gado. Bayan an cire wani kaso da ba a taɓawa, kusan biyu cikin biyar na sauran nasu ne. Wa'adin biya ya wuce tuni, kuɗin ruwa yana hawa kai. Lauyan Kano kuwa ya ce shi ya aiko da wasiƙa tun lokacin, Yaya ya ce bai gani ba. Allah kaɗai ya san mai gaskiya a cikinsu.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Mutumin da sau huɗu kacal ya kwana a gidan da ya saya a ƙasarku, ya biya likitanku, ya biya kuɗin gidan lakadan, sai ya mutu ku zo ku zauna a layin magada, ku da ba ku san ko inda kabarinsa yake ba? Har da kuɗin ruwa, a kan tsohon da ya yi shekara tamanin yana gudun riba kamar wuta. Na tausaya wa Yaya, na ce masa Allah ya kawo mafita. Sai ya gyara zama.

"Ai mafitar ce ta kawo ni. Wannan bashin Baba ne, bashi kuwa kafin gado yake. Kowa zai kawo gwargwadon kasonsa. Habu ya yarda zai sayar da tirela. Ke kuma na samo miki mai sayen gonar, farashi mai kyau."

"Gonata?"

"To me kike da shi in ba ita ba? Ko kina so Baba ya kwana a rataye? Kin san dai mamaci ba ya samun sakewa sai an sauke masa bashi."

Nan ya same ni, kuma ya san ya same ni. Kwana uku abinci bai wuce mini ba. Duk inda na juya sai in ga Baba a kan buzunsa. Idan gaskiya ne yana cikin ƙunci saboda ni, wace gona ce za ta amfane ni? Idan kuma na sayar, me zan ce wa yara huɗu da ba su da uba? A rana ta huɗu na ce a je wurin Malam Ya'u.

Malam ya tsufa sosai a lokacin, amma hankalinsa garau. Ya saurare mu, ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce shi bai taɓa cin karo da irin wannan ba. Bashin da ya sani shi ne wanda mutum ya ci ko ya ranta yana raye. Wannan kuwa Alhaji bai ci ba, bai ranta ba, ranar da ya cika aka haifi bashin. Ya ce a ba shi mako biyu ya tambayi na gaba da shi. Da muka koma, ya ce amsa biyu ya samo. Wani malami ya ce nauyi ne a kan dukiyar mamaci, a cire daga kan kowa. Wani ya ce nauyi ne a kan gidan, wanda ya ɗauki gida ya ɗauka da abin da ke kansa, balle ga sharaɗin da shi da kansa ya sa aka rubuta. Ya dube ni ya ce, "Rakiya, ba zan tilasta miki ba. Kuskuren nawa ne da na raba abin da ban taka ba. Allah ya yafe mini."

Cikin makonni biyun nan ni ma ban zauna haka ba. Na sa ɗiyar Yaya ta wajen Ingila, wadda ba ta san abin da ake ciki ba, ta gaya mini nawa ake sayar da irin gidan a layinsu yanzu. Na tambayi 'yan canji farashin fam. Na ɗauki biro da bayan kalanda na zauna. Abin da ya fito ya sa na sake bugawa sau uku, don ban yarda da idona ba. Saboda haka da Malam ya gama, na ce ina da magana.

"Na yarda bashin Baba ne. Tunda bashi kafin gado yake, to rabon da aka yi bai yi ba, a warware shi duka. Ga gonata na mayar, da takin da na zuba mata, ban nemi ko kwabo ba. Habu ya dawo da nasa. Gidan Ingila a yi masa kuɗinsa na yau, ba na shekarun baya ba, a sayar, a biya Turawa, abin da ya rage a haɗa a sake kasawa biyar."

Habu ya fara ƙirga da yatsu, na ga idonsa yana buɗewa. Domin ko bayan an cire harajin da ruwansa, abin da zai saura daga gidan nan ya fi nawa da na Habu a haɗe. Tun ranar rabo Yaya ya san gidan ya ninka kuɗin da aka yi masa har sau uku, ya bari aka rubuta tsohon farashi. Yanzu yana so ribar ta zama tasa shi kaɗai, harajin kuma namu mu uku.

Yaya ya miƙe tsaye. "Ni za ki tona a gaban mutane? An rubuta ba a sake zama!"

Na ce, "Ashe ka tuna, Yaya. To ko a warware duka, ko a bar duka. Wanda ka zaɓa na bi."

Bai zaɓa ba, takalmansa ya ɗauka ya fita. Habu ma ya fasa sayar da tirelarsa, amma shi ba wanda ya zage shi, don shi namiji ne, kuma bai buɗe baki ba. Ni ce na yi magana, ni aka ɗora wa. Kafin mako ya zagayo labari ya cika Gumel, an yanke masa kai da ƙafa, an bar "ta hana a biya wa ubanta bashi". Matan da muka yi shekara talatin muna zumunci suka daina amsa gaisuwata da kyau. Ranar bikinki, ke 'yata Hadiza kin tuna, ba wanda ya zo daga gidan Yaya, shi da ya kamata ya ba da aurenki, sai Malam Ya'u ne ya tsaya. A ƙarshe dole ta sa Yaya ya sayar da gidan ya biya harajin daga cikinsa, abin da na ce tun farko. Da abin da ya rage ya gina bene a hanyar Kano ya sayi motoci biyu. Wannan ba a yawo da shi a gidajen suna. Abin da ya rasa ɗaya ne, ya daina cewa "gidanmu na Ingila", kuma wannan ne bai yafe mini ba.

Ko sisin Turawa bai rage a kan Baba ba, ku riƙe wannan. An biya tun yana shekara uku a ƙasa. Duk wanda ya ce muku na bar shi a rataye, ku ce ya je ya tambayi Habu, yana nan da ransa. Gonar kuwa ita ta yaye marayun Sani, ita ta kai biyu daga cikinsu jami'a, tuwon da kuka ci jiya ma geronta ne. Da za a mayar da ni zauren nan yau, abin da na faɗa shi zan sake faɗa, harafi bayan harafi.

Amma kada ku ɗauka kyauta na riƙe gonar nan. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da Isyaku. Shi ya riƙa goya ni zuwa makarantar allo lokacin da ƙaya ta shige mini ƙafa, shi ya fasa wa wani yaro baki don ya kira ni mai ido huɗu. Shekara huɗu muna gari ɗaya bai yi mini magana ba. Da na ji ciwo ya kwantar da shi bara, na dama kunu da hannuna, na hau a-daidaita-sahu na tafi. Ba don in ce na yi kuskure ba, don dai mu yafi juna kafin ɗayanmu ya tafi. Matarsa ta tare ni a ƙofar falo ta ce barci yake. Na koma bayan kwana biyu, barci yake. Zuwa na uku ranar Laraba ne da la'asar, ya rasu ranar Juma'a. Ta sake cewa barci yake, ta shige ta bar ni tsaye da kwanon a hannu. Ɗakinsa yana nan dab da inda nake, ina jin rediyonsa tana labarai, ina jin tarinsa. Na ɗaga murya na ce, "Yaya, ni ce Rakiya." Sai na ji an miƙa hannu an kashe rediyon.